Ranar da Na Wuce Gaban Kawu

Ni ce na kawo maganar tsibirin. Na daɗe ina karanta labarinsa a laburaren da ke kusa da Fordham Road. Tsibiri ne mai duwatsu can arewa, hukuma ta killace shi, ko reshe ba a karyawa. Da hutun bazara, Kawu, ƙanen Mama mai tuƙin tasi, ya kwashe mu daga unguwarmu ta Morrisania tare da kulolin shinkafa.

Hanyar hawan babban dutsen tsibirin siririya ce, mutum ɗaya take ci. A gidanmu kuwa yaro ba ya shiga gaban babba. Sai muka jeru: Kawu a gaba da takalminsa na zuwa coci, Mama na biye, ni a ƙarshe.

Ba mu kai rabi ba ya zauna yana haki, ya miƙe ƙafafu suka tare hanya.

"To, mun gani. Dutse ne, a Jos ma akwai. A juya, shinkafa na hucewa."

"Kawu, daga sama ake ganin teku."

"A'a, yau kurma ta yi magana! Teku kike so? Hau jirgin ruwan Staten Island, kyauta ne."

Mama ta harare ni. "Kul."

Na san ba a tsallake ƙafar babba, ban kuma tsallake ba. Na raɓa ta gefen Mama, na durƙusa a gabansa, na ce, "Gafara, Kawu."

Ya kau da kai. Ban tashi ba. Tsakuwa na cin gwiwata. Turawa masu sanduna suka taru a bayanmu, sun yi cirko-cirko suna jira. Wata tsohuwa ta tambaya ko lafiya. Kawu ya dube su, ya dube ni, ya ja tsaki, ya janye ƙafafunsa.

Ni kaɗai na ƙarasa. A sama iska ta kusa tafiya da ɗankwalina. Teku ya shimfiɗu har inda ido ya gaza, ƙananan tsibirai a cikinsa kamar an kife ƙorai. Na zauna har numfashina ya daidaita.

Da muka iso gida Mama ta ja ni kicin.

"Je ki ba shi haƙuri."

"Na nemi gafara a durƙushe, Mama, a gabanki."

"Ki sake."

Ban sake ba. Har yau in Kawu ya zo gidanmu ina durƙusawa in gaishe shi, shi kuma yana janye ƙafa tun kafin in iso.