Taɓaryar Kaka da Ƙafar Ladi

Yanzu a Yamai uwargida takan murɗa kan gaz, ta ƙyasta alimeti, wuta ta kama. A shekarun fari, lokacin da soji ke riƙe da ƙasa, itace ya yi wuya, alimeti kuwa sai mai hali. Gidan da ya riga hura wuta, can ake aiken yara ɗibo garwashi a kasko. Muna zaune a Gaweye, ƙasan kadarko, cikin gidan zana. Daga murhunmu kana hango kogi. Babanmu mutumin Dogondutsi ne, yana aikin jinya, sai uwarsa, Kaka Tani, ke riƙe da mu, ni da ƙanwata Ladi.

Bayan tuwon yamma mukan kewaye sauran garwashin. "Ga ta nan, ku tara kunne," in ji Kaka. Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da maimaitawa.

Wuta gurguwa ce, sai ta samu mai ɗaukar ta. Wata rana ta kama bakin zanen ɗiyar wani masunci, ta raɗa mata, "Yi gudu, kogi na kusa." Yarinya ta zura. Iska, ƙawar Wuta, ta tarye su tana busawa. Wuta ta hau gwiwa, ta hau baya, ta cinye kitso, fata na saɓulewa kamar ɓawon gasasshen dankali. Saura taki uku yarinyar ta taɓa ruwa, ta faɗi matacciya. Ƙasa ta ce, "Tun farko ina ƙarƙashinki. Da kin kwanta kin yi birgima, da na shaƙe ta."

"Kaka, ai mu kogin a ƙofar gida yake," in ji Ladi.

"Ke mai bakin tsiwa, ita ma ɗiyar masuncin haka ta ce." Ta juyo kaina. "Kai kuma maigidana, bar dariya, wandonka ma abinci ne a wurinta."

Wata safiya aka aiki Ladi ɗibar wuta gidan maƙwabtanmu Zabarmawa. Kaskonmu ya fashe, sai ta ɗoro garwashin bisa guntun kwali. Kwali ya ɓule, zanenta ya kama. Ta kurma ihu, ta miƙe sai kogi.

Kaka na dakan jar dawar taimako a bakin ƙofa. Da Ladi ta zo wucewa, sai ta share mata ƙafafu da taɓarya. Na ji ƙarar ƙashin. Kaka ta faɗa kanta, tana mirgina ta cikin rairayi, tana bugun wutar da tafin hannu. Wani soja daga masu gadin kadarko ya gangaro a guje. Abin da ya gani tsohuwa ce ta danne yarinya mai kururuwa, ga taɓarya a gefe. Ya maka mata gindin bindiga a baki. Kaka ta tofar da haƙora da jini, ba ta ko dube shi ba, ta ci gaba da tura rairayi bisa zanen. Sai da ƙauri ya cika masa hanci ya sauke bindigar. Shi ya kai Ladi likita a motarsu, bai ce a yi haƙuri ba.

Daga baya aiki ya kai ni Abijan da Dakar da ƙasar Turawa. Na ga ana koya wa ƴan lakwal a aji, da Faransanci da Ingilishi, su tsaya, su kwanta, su yi birgima bisa darduma, suna ta dariya. Abin da Ƙasa ta faɗa ne a tatsuniyar Kaka. Sai dai can babu wanda ya gaya musu cewa wanda wuta ta kama ba ya jin magana, wani ne zai kayar da shi.

Ladi na Maradi yau, da jikokinta da ɗingishinta. Kaka ta ci gaba da yi mana tatsuniya, iska na fita ta giɓinta. Tun ranar ba a sake aiken yaro ɗibar wuta a gidanmu ba, Ladi kuma ba ta sake gudu ba.