Furanni a Cikin Hular Toktosun

Jami'ar nan ta kwashe tsofaffin hulunan kwanon ƙungiyar wasa ta Ragunan Dutse daga sito, ta huda tsakar kowacce, ta juya su baki sama, ta ɗaure su da noti a kan siminti, ta cika su da ƙasa, ta shuka furanni. Suna nan jere a ƙofar sabon zauren wasanni, inda kowa ke wucewa da takalmi. Wai ado ne na bikin cikar ƙungiyar shekara ashirin da biyar. Wadda ƙarfen fuskarta ya lanƙwashe ta gefen dama ta yayana ce, Toktosun, kuma yana raye.

Ni ce Burul, ƙanwarsa. Wanduna nake ɗinkawa kusa da kasuwar Dordoi, karatuna a sakandare ya tsaya, kuma ƙwallon Amurkan nan har yau ban san dokokinta ba. Abin da na gani dai ƙarti ne ke karo da kai a kan wata ƙwallo mai siffar ƙwai. Amma a gaban idona aka haifi ƙungiyar nan, don haka sai na faɗa.

Toktosun ya sauko Bishkek, babban birninmu, daga ƙauyenmu na Naryn a shekarun da kowace ƙasa ke aiko mana da abin da ta gaji da shi da sunan agaji. Wata rana aka buɗe wa jami'a kwantena. Barguna a sama, littattafai a tsakiya, can ƙasa kuma hulunan kwano da wasu sulkunan kafaɗa. Mai sito ya rantse kayan 'yan sandan kwantar da tarzoma ne aka yi ɓatan kai da su. Wani Bature mai koyar da Turanci ne ya gane su, ya tara ɗalibai ya sa musu kaset ɗin wasan. Toktosun, wanda a kan doki ya tashi yana fizgar gawar akuya a wasan ƙauye, ya kalla ya kalla, ya ce, "Wannan ai wasan akuyarmu ne. Talauci ne kawai ya hana su dawakai."

Washegari samari sun fi arba'in a fili, huluna kuwa goma sha shida. Baturen ya ce abu mai sauƙi ne: masu kai hari in sun fito sai su cire su miƙa wa masu tsaron gida, haka ake yi ko'ina in kaya sun yi kaɗan. Meder, abokin ɗakin Toktosun, shi ya fara magana.

"Malam, in sa hular da Kalis ya cire? Wannan da ko lissafin canji bai iya ba? Sai ya shafa mini."

"Kai ka samu abin da za a shafa wa," in ji Kalis. "Ai kanka fanko ne, iska ce ke shiga ta fita."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya miƙa hannu. Baturen bai san cewa hular namiji kansa ce ba. Ba a aronta, ba a kyautarta, ba a ajiye ta a ƙasa, ba a juya ta. Uwa ma in ɗanta ya yar da hula, sai ta mare shi kafin ta tambayi dalili. Toktosun ne ya yanke magana: hula goma sha shida, mutum goma sha shida. Aka yi kokawa a kan ciyawa har la'asar, wanda ya kayar ya ɗauki hula. Ma'anar haka, kowa zai kai hari kuma zai tsare gida, daga busan farko har na ƙarshe, ba hutu.

Sun sha kashi, ba na ɓoyewa. 'Yan Almaty, birnin maƙwabtanmu, su zo da bas biyu cike, namu su sauko daga ƙaramar bas guda kamar masu zuwa ta'aziyya. Duk karon da ɗan wata ƙungiya ya yi sau ɗaya, namu ya yi sau biyu. Sai da aka shekara uku kafin su ci wasa, kuma ranar an yanka rago a tsakar gidan haya, aka ajiye wa Toktosun kan, ya yanki kunnuwa ya raba wa ƙanana yana kuka kamar yaro.

Soson da ke cikin hulunan tun zuwansu ya riga ya ruɓe. Innarmu ce ta jiƙa ulun tumakinmu ta murza shi har ya yi kauri, ta aiko a motar nono, ni kuma na yanka na ɗinke a cikin kowace hula. A hankali ulun ya ɗauki siffar kan mai shi. In ka leƙa ciki, kana ganin kwarin ƙeya da gurbin kunne, kamar mutumin yanzu ya fita.

Da 'yan farko suka zo gama karatu sai sabuwar rigima ta taso, don hula ba a kyautarta. Hanya guda al'ada ta bari, wato daga uba zuwa ɗa. To haka suka yi. Mai tafiya zai zaɓi ƙarami, a tsakiyar fili ya cire da hannu biyu ya sa masa, kowa ya buɗe tafi a yi addu'a a shafa. Daga ranar ƙaramin Baba zai riƙa kiransa. Sai ka ga ɗan shekara ashirin da biyu da ɗa mai shekara goma sha tara. Abin ya fara kamar wasa, amma yau akwai masu furfura a garin nan da ke da jikoki da tattaɓa-kunne ta hanyar hula, suna zuwa bikin juna, suna ɗaukar makarar juna.

Toktosun kaɗai bai ba kowa ba. Bai gama digirin ba ma. Ya koma tuƙin ƙaramar bas, ya yi aure, ya haifi 'ya guda, Saikal, matar ta rasu ta bar masa ita, amma duk Asabar yana fili, yana horarwa yana bugawa, har ya kusa arba'in. Yaran, da ke kiransa Baike, wato babban wa, kan ce, "Baike, ka haihu mana, ka tsufa." Ya ce, "Ku nemo mai kai irin nawa tukuna." Hularsa kai ɗaya ta sani.

Mantuwa ta fara masa a kan hanya. Ya wuce tasha fasinja na ihu. Wata rana ya ajiye motar a gefen titi ya kira ni, ya ce bai san inda titin ya nufa ba, titin da ya yi shekaru yana bi. Likita ta ce karon da ya sha ne, kuma ban musa mata ba. Na ɗauke su shi da Saikal suka dawo wurina. A lokacin wani kamfani ya riga ya saya wa ƙungiyar sababbin huluna, waɗanda yaran yanzu ke musanya, har su zauna a kai suna danna waya. Tsofaffin kuwa suna kan kantar da Toktosun ya kafa da hannunsa a sito, sama da tsayin mutum.

Duk Asabar nakan kai shi wurinsu. Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a ciki, ya faɗi uban farko da ɗansa da jikansa, ba ya kuskure ko guda. Tasa yake ɗauka a ƙarshe, ya sa a kansa. In mun dawo gida sai ya kira Saikal da sunanta, ya ce shayina ruwan wanki ne, ya tambayi kuɗin nama a kasuwa. Wannan dawowar hankalin kan kai mu tsakiyar mako, wani lokaci har Alhamis. Na san yadda maganar take a kunne. Ni dai abin da na gani ke nan.

Da ƙanƙara ta narke a bana muka je muka tarar da kantar wayam. Maigadi ya nuna mana ƙofar zaure da haɓa. Toktosun ya tsaya a gaban hularsa, jan fure ya fito ta cikin ƙarfen fuskar. Bai yi ihu ba. Ya ɗora hannu a tsakar kansa, daidai inda suka huda, ya ce, "Burul, mu tafi, iska na shiga."

Bayan 'yan kwanaki muna cin abincin rana, sai ya zabura ya shafa wuya. "Wa ya zuba mini ruwa?" Ba kowa a bayansa. Washegari ma haka, jibi ma haka, kullum da rana tsaka. Saikal ce ta ce bari ta je jami'ar ta gani. Ina zaune da shi wayata ta yi ƙara, ta ce, "Goggo, mai ban-ruwa ya kunna tiyo yanzu." Kafin ta rufe baki ya ƙanƙame kafaɗu yana karkaɗa kai kamar wanda ruwa ya shiga wa kunne. Na taɓa wuyan rigarsa, a bushe yake. Amma ɗakin ya ɗauki ƙanshin ƙasar da aka jiƙa, kuma a hawa na huɗu muke, ba mu da ko tukunyar albasa.

Tun daga nan yake korar ƙudan zumar da ba mu gani. Yakan sosa kai ya ce, "Tana tafiya." In ce me? Ya ce, "Saiwa. Ta kusa ido."

Kalis ya zo duba shi. Yanzu direban babbar mota ne, da tumbi da sanƙo. Ya shigo da burodi da barkwancinsa, yana kirana Eje, kiran girmamawa ga mace a wurinmu.

"Eje, ni ma tun farkon zafi nake jin warin taki a kaina. Na zaci matata ce ta canza sabulu, saura kaɗan in kai ƙara gidansu."

"Kanka ai dama fili ne, Kalis, da sun shuka a kai kai tsaye sun huta."

Ya yi dariya, ya juya wurin yayana. "Baike, ka gane ni? Ni ne wanda bai iya lissafi ba." Toktosun ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo a bas. Kalis ya daina dariya. Ya ja ni ɗakin girki ya rage murya.

"Kin ji labarin Meder?"

Na san dai yana aikin gini a Moscow. Kalis ya ce motar kawo ruwan kwalba ta yi baya a ƙofar zauren ta take hula guda, ta fashe, aka share aka zubar. Ta Meder ce. A wannan makon Meder ya faɗo daga saman gini. Yana asibiti, ido buɗe, ba magana. Sauran huɗun da suka gaji hular kuwa duk sun kwanta da ciwon kai, har wanda ke Koriya.

"Eje, kawuna biyar ke nan suka raba ɗaukar abin, ga yadda ta ƙare. Ta baike kai ɗaya ce."

Ya ce ya je da sifana zai kwance ta, maigadi ya ce zai kira 'yan sanda, kayan jami'a ne. Sai na sa rigar fita na je da kaina wurin mataimakin shugaban jami'ar. Ba Bature ba ne, ɗan ƙasa ne, da jin bakinsa ɗan yankin Talas ne. Farar hularsa ta gargajiya tana can saman kabad, an shimfiɗa mata kyalle.

"Eje, zauna, sha shayi. Waɗannan kaya an daina amfani da su. Mun ba su sabuwar rayuwa ne. Kin ga yadda hoton furannin ya zagaya kuwa?"

Na ce, "Sauko mini da waccan."

"Wace?"

"Hularka. Ina da irin albasa a jaka, in ba ta sabuwar rayuwa."

Ya kalli saman kabad, kuma na ga hannunsa ya tashi zuwa kansa kafin ya kama shi ya mayar kan tebur. Sai ya yi 'yar dariya, ya ce ai waccan hula ce, waɗannan roba ce. Ya ce kwamiti zai duba bayan biki, bikin kuma sai ƙarshen shekara. Ya raka ni har ƙofa da ladabi. Ladabinsa bai kwance ko noti ɗaya ba.

Saikal za ta yi aure a kakar nan. Ranar da za a fita da ita, uba ne zai buɗe tafi ya ambaci sunanta ya sa mata albarka, kuma ba ta da uwa, ba ta da wani uban. Makon jiya ta kawo masa shayi, ya bi ta da kallo har ta fita, ya ce mini, "Yarinyar nan tana da kirki. 'Yar wa ce?" Tana bayan ƙofa, ta ji.

Jiya na bi ta gaban zauren. Furannin sauran hulunan duk sun bushe sun sunkuya, kamar yadda fure ke yi a wannan lokaci. Na cikin tasa yana tsaye, ja wur, har ya yi sabon toho. Dusar ƙanƙara kuma ta fara saukowa daga kan duwatsu, kullum da safe tana ƙara matsowa gari, mai ban-ruwa kuwa bai daina ba. Duk wadda ta taɓa manta bokitin ruwa a waje da sanyi ta san abin da ƙanƙara ke yi wa roba.

Shugaban jami'a, da mataimakinka mai hula a saman kabad, da kwamitinku: ku kwance notin nan kafin sanyin farko. Da sifana, ba da guduma ba. Kada wanda ya fizgi furen. Ku kira ni in zo in kwashe ƙasar da hannuna, in zare saiwar daga ulun Innarmu a hankali. Sauran hulunan ku miƙa wa 'ya'yansu na ƙarshe, Kalis ya san gidan kowa. Ta Toktosun kuwa mataimakin shugaba ne zai ɗauko ta da hannu biyu, ba a leda ba, ya hau benenmu da ƙafarsa ya kawo wa mai ita, kafin ranar da za a fita da Saikal.