Shekara Biyu Kafin Ya Iya Sunanta

"Mama, zan canja jami'a," in ji 'yata Ƙauna, muna cikin cunkoson hanyar Germantown. Na kusa bugun motar gabana.

Saura shekara guda ta nemi makarantar likitanci, wai za ta koma wata jami'a mai babban suna, don matan cocinmu ba su san tata ba!

Na ce, "Ke! Wa zai rubuta miki takardar shaida ta neman makarantar likitancin? Malaminki shekara biyu yana kiranki Kona, sai bana bakinsa ya daidaita. Yanzu ki kai mini sunan wurin sabon Bature ya sake ƙona shi?"

Ta yi dariya har da hawaye. Jiya ta ce ta fasa.

Ku fa, yaya ake ƙona sunan naku yaran?