Ƙwayoyin Alkamar da Na Zubar

Ɗambatta

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na saɓi jakata. Baba ko ɗago kai bai yi ba. "Sani, aiki na huɗu ke nan. Ka dawo hannu Rabbana, yawo ya ƙare, gona za ka zauna."

Sai shida da kwata bas ta cika. Bayan shingen 'yan sanda na biyu direba ya ce, "Samari, ina zuwa?" Na ce inda ake aurar da alkama ga masara. Ya ce, "To Allah ya ba su zaman lafiya!" Mota ta kwashe da dariya.

Rijiyar Zaki

Tara saura na sauka, na kora koko da ƙosai a tsaye. Ɗan acaɓa ya bi da ni hanyar Rimin Gado, minti ashirin sai ga gonar gwaji.

Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Mata ne a tsugune da hantsaki, suna cire namijin furen alkama, su barbaɗa garin furen masara, su rufe zangarniyar da takarda. Dakta Binta, mai ɗaukar ma'aikata, ta miƙo mini faranti cike da ƙwayoyin alkama. "Mako biyu ke nan da barbaɗa musu garin fure. Ware mana masu amfani."

Na yi yadda muke yi a gida. Duk wadda na taɓa na ji ruwa ba gari, sai kwando.

"Kai! Ɗan nan, me kake yi?"

"Hajiya, ai fanko ne."

"Su muke nema!"

Ta ɗaga guda ta saita rana: wani ɗigo kamar ƙwan kwarkwata yana yawo ciki. Ta ce ɗan alkamar ke nan, masara tayar da shi kawai take yi, sai ta ɓace, ya zauna da rabin gado, na uwa zalla. A kwalba za a raine shi, magani ya ninka gadon, iri tsantsa ya fito ba jiran shekaru.

Na juye kwandon, na bi su ɗaya-ɗaya a rana. Biyu da ita kanta ta ware gefe, wai ba ɗa, na ce akwai ɗa ciki. Ta goge tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"Idonka ya cece ka. Litinin, ƙarfe bakwai."

Gida

Ana kiran Magariba na shigo. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ita masarar me ta samu?"

"Ba komai, Baba."

"Allah sarki, baiwar Allah." Ya turo mini kwanon tuwonsa.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Dakta da ba ta kore ni ba.