Tsinken Tsintsiyar Kawu

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na faɗo daga kan gini a Badarawa, ƙafafuna suka daina jin komai. Likita ya ce sai dai a jira. Jiya a ajin yaƙi da jahilci malaminmu ya ce jijiyoyi ne ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Kullum da hantsi yakan zo daga Abakpa a kan keke, bakinsa ja da goro. Ya zari tsinke a tsintsiya, ya ce in rufe ido, ya soki tafin ƙafata.

"Ka ji?"

"Ban ji ba, Kawu."

"Saƙon yana hanya. Sai gobe."

Ran nan na fizge ƙafar tun kafin in san na yi.

"Wayyo Kawu, za ka kashe ni!"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Rago! Ƙara ihun, in ji daɗi."

Yau da ƙafata nake zuwa aji. Allah ya sanyaya makwancinsa. Abin da na rasa uku ne: aikin wata bakwai, jin yatsu biyu na ƙafar hagu, sai Kawu.