Ayar da Almakashi Ya Raba da 'Yan'uwanta

Kakanmu na wajen uwa mai gyaran littattafai ne, shi ya sa duk layin ba mai kiransa da wani suna sai Mai Bango. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Kana sa ƙafa, warin gam da na tsohuwar takarda ne ke fara yi maka sannu da zuwa. Tebur ɗaya ne a ciki, da ƙarfen matse littafi, da babbar allura, da zaren da yake gogawa da kakin zuma, da almakashi mai baƙin mariƙi wanda ko matarsa ba ta isa ta ara ba.

Yawancin abin da ake kawo masa Littafi Mai Tsarki ne. Wani ruwan sama ya jiƙa, wani yara sun yage, wani kuma tsufa ne kawai ya kwance masa ɗinki. Kaka yakan baje ganyayen a tebur, ya dubi lambar da ke kusurwar kowane shafi, ya jera su, ya ɗinke, ya sa sabon bango. Hannunsa na da sauri ƙwarai. Yakan yi dariya ya ce duk garin ba wanda ya kai shi taɓa Littafin, har fasto. Gaskiya ne kuwa, sai dai idonsa bai cika wuce kusurwa ba, lambar kawai yake karantawa.

Akwai ganyayen da ba sa gyaruwa, waɗanda masu su kan ce a bar su. Kaka ba ya iya ƙona su, ba ya iya jefa su a shara. Sai ya ɗauki almakashi ya yanka su aya-aya, ya nannaɗe kowace kamar ɗan tsinke, ya zuba a wani tsohon gwangwanin biskit. Ba ya zaɓe. Ya ce ba shi da hurumin tsince mai daɗi a bar mai ɗaci cikin maganar Allah. Kowace safiya bayan addu'a, kafin a sha shayi, kowa a gidan zai sa hannu ya ciro guda, ita ce tasa ta ranar.

'Ya'yansa biyu ne: mahaifiyarmu, da ƙanenta da ake kira Dogo. Dogo bakanike ne, kuma shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci. Ga shi da barkwanci.

"Baba, tawa ta ce wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. Me zan yi da ita yau?"

"Ka tuna kai ma haihuwarka aka yi, ka tashi ka tafi aiki."

"Ni tawa awon labule ne," in ji Mama, matar Kaka. "Kamu kaza a tsaye, kamu kaza a kwance. Ko dai sabon labule za a saya mini, Maigida?"

Haka ake ta dariya har shayi ya huce.

Ba wanda ya san ranar da Dogo ya fara sha. Sai dai aka fara jin warin a rigar aikinsa, aka ga idanunsa suna kaɗawa. Kaka ya yi faɗa, Mama ta yi kuka, shi kuma ya yi ta alkawari. Wata Lahadi ya shigo coci a makare, ya kutsa layin mawaƙa, ana tsakiyar waƙa ya tafi gaba ɗaya ya kife da bencin gabansa. Mutum huɗu suka ɗauke shi waje. Kaka yana layi na biyu, bai juya ba.

Washegari aka yi addu'a ba wanda ya ɗaga kai. Kaka ya sa hannu a gwangwani, ya warware 'yar takardarsa, ya karanta, ya sake karantawa. Ayar tana cewa mutumin da ake kira ɗan'uwa, in ya zama mashayi ko mai zage-zage ko mazambaci, ko abinci kada a ci da shi.

Ya tashi a hankali, ya ɗauki kofin Dogo, wani shuɗin kofi mai ɗan ɓalli a baki, ya kai shi kan tagar da ke kallon bayan gida.

"Ban kore ka ba," ya ce. "Ɗakinka naka ne. Amma ni da kai ba za mu ƙara zama a kan abinci ba."

Dogo ya yi ɗan murmushi, yana jira a ce wasa ne. Ba a ce ba.

Mama ta karɓi takardar ta juya ta. "Maigida, abin nan ko tsawon yatsana bai kai ba. Me ke samanta? Me ke ƙasanta?"

"Abin da ke samanta da ƙasanta ba shi aka ba ni yau ba."

Fasto ya zo shago ya zauna a kan kujerar baƙi, ya fara bayani. Kaka ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Fasto, aya ce ko ba aya ba ce?"

"Aya ce, Baba, amma..."

"To, amman nan naka ne."

Wata takwas Dogo yana cin abinci a kan matakalar bayan gida. Ƙofar a rufe take, amma ana jin ƙarar cokalinsa a jikin kwano, kuma kowa a tebur yana yi kamar bai ji ba. Kaka yakan tauna loma ɗaya har ta zama ruwa. Yana son yaron, wannan ba wanda ya taɓa shakka. Abin da ya sa a ransa shi ne Allah ya gwada shi da abin da ya fi so, kuma in ya sassauta ya faɗi. Duk lokacin da zuciyarsa ta karye, sai ya ɗauka jarrabawar ce ta ƙara zafi, ya ƙara taurin kai.

Daga baya Dogo ya kwashe kayansa ya koma wani ɗaki a bayan gareji, can ƙarshen gari. Bayan shekara huɗu Mama ta kawo labari cewa ya daina sha kwata-kwata.

"In ya tuba, ya zo ya faɗa da bakinsa," in ji Kaka.

Dogo ya aiko da amsa ta bakin yayarsa. "Ki ce wa Baba shi ya fitar da kofina, shi zai shigo da shi."

Kofin ya zauna a kan taga. Mama tana wanke shi duk Asabar ta mayar. Kuma abin da Kaka bai gaya wa kowa ba sai can a ƙarshen rayuwarsa, ƙarar cokalin ba ta tafi da Dogo ba. Da zarar an ajiye abinci, sai ya ji ta a bayan ƙofa, ƙwal, ƙwal, a hankali, irin na mai ci yana ƙoƙarin kada a ji shi. Sau biyu ya tashi ya buɗe ƙofar. Matakala ce kawai da tsintsiya a jingine.

A shekara ta tara wata tsohuwar ungozoma ta shigo shago da ƙunshi a ɗankwali. Littafinta ne, na tun tana budurwa. Ta ajiye shi a akwati lokacin da ta yi doguwar jinya, gara ta shiga ta cinye ɗinkin da duk kusurwoyin.

Kaka ya juya ganyayen ya girgiza kai. "Iya, wannan ba lamba ko ɗaya. Ki sayi sabo mana."

"Sabo ya san ranar da na binne mijina? Dubi nan, hawayena ne. Kai dai ka ce aikin ya fi ƙarfinka, in kai wa mai gyaran agogo."

Ya karɓa. Tunda ba lamba, ba yadda zai jera sai ya karanta ƙarshen kowane shafi, ya nemo wanda maganar ta ci gaba a kansa. Da farko layin ƙarshe da na farko kawai yake dubawa. Amma sau da yawa gara ta cinye su ma, dole ya koma sama ya bi maganar tun daga tushe don ya gane inda ta nufa. A haka, yana da shekara sittin da bakwai, ya fara karanta abin da ya yi shekara arba'in yana ɗinkawa.

Wata ranar Laraba da hantsi ya iso kan ayarsa. Ya gane ta tun daga nesa, kamar yadda ake gane fuskar wanda aka yi faɗa da shi. Amma a nan ba ita kaɗai take ba. Wasiƙa ce, da gaisuwa a farkonta, zuwa ga wata jama'ar masu bi. Akwai wani a cikinsu da ke aikata mugun abu a fili, su kuma maimakon baƙin ciki sai taƙama suke yi. Aka ce su janye daga gare shi, kuma aka faɗi dalili: don a cece shi a ƙarshe. Ba maganar uba da ɗansa a kan teburin gida, ba maganar shekara tara.

Ya ci gaba da jeri. Kafin rana ta take ya shiga wasiƙa ta biyu, daga hannun mai rubutu ɗaya zuwa ga mutane ɗaya. A nan aka ce horon da aka yi wa mai laifi ya isa haka. A yafe masa, a ƙarfafa shi, a nuna masa ƙauna, kada baƙin ciki ya yi masa yawa har ya haɗiye shi.

Ya bar shago a buɗe ya tafi gidan fasto da ganyen a hannu.

"Mutumin nan, shi ne na farkon?"

Fasto, wanda shi ma furfura ta kama shi, ya ce, "Masana sun rabu, Baba. Wasu sun ce shi ne, wasu sun ce wani ne. Amma ko wane ne, ka ga inda horo yake nufa. Abin da na zo faɗa maka ke nan a wancan lokaci."

Kaka ya ƙirga ganyayen da ke tsakanin ayoyin biyu. Goma ne. Sau ɗari nawa ya soka musu allura ɗaya, ya ja su da zare ɗaya, bai sani ba.

Ya shiga gida ya ce wa Mama, "Zuba mini shinkafa a kwano mai murfi. Ta mutum biyu." Mama ta ga ya miƙa hannu kan taga ya ɗauki shuɗin kofin, sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da zane.

A gareji maigidan Dogo ya goge hannu da tsumma, ya kasa haɗa ido da shi. Dogo yana asibiti kwana uku ke nan. Hanta ce, tsohon shan ne ya biyo shi. Dogo da kansa ne ya hana a gaya wa gida.

Kaka ya same shi a gado na ƙarshe kusa da taga, ya rame, idanu sun yi ɗorawa, an sa masa ƙarin ruwa a hannu. A saman gadon an liƙa takarda cewa kada a ba shi komai ta baki.

Dogo ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "Baba, yau me gwangwani ya ce?"

"Ban buɗe ba."

"Ka zo da kofina."

"Na zo mu ci abinci, ɗana. Ni na yi kuskure. Na yanke magana a tsakiya, na..."

"Ka makara da kwana uku, Baba." Ya nuna takardar da haɓa, yana ƙoƙarin dariya. "Likita ma ya ciro tasa ayar. Shi ma ba ya jin amma."

Kaka ya tsaya da kwano a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Nas ɗin da ke gyara gadon kusa ta ce ba laifi a jiƙa masa leɓe da auduga. Kaka ya zuba ruwa a shuɗin kofin, ya tsoma auduga, ya shafa wa ɗansa a baki sau uku. Sannan ya kafa kai ya shanye sauran.

"Buɗe kwanon," in ji Dogo. "Zauna nan a bakin gado ka ci in gani. Girkin Mama ne ko? Ƙamshin ma ya ishe ni."

Ya zauna ya ci, hawaye na zuba a cikin shinkafar, Dogo yana bin kowace loma da ido. Haka ya yi kullum, safe da rana, har kwana biyar. A na shida Dogo ya rasu, aka naɗe katifar.

Kaka ya gama littafin ungozoma, ya sa masa baƙin bango, daga nan bai ƙara yanka ko ganye ɗaya ba. Ya juye gwangwanin a tebur, ya warware ayoyin, ya fara liƙa su a manyan takardu, kowace kusa da wadda take bi. Aikin bai kammalu ba, don daga littattafai dabam-dabam suka fito, da yawa ba su da 'yan'uwa a gwangwanin. Duk da haka ya yi shekara shida yana yi.

Bai ƙara cin abinci shi kaɗai ba. In ba kowa, yakan fita ya kira mai wanki da guga, ko duk wanda ya gani a hanya. In wani ya kawo masa aya guda yana son ya yanke wa wani hukunci da ita, sai ya ce, "Karanto mini daga sama. A'a, ƙara hawa. Wa ke magana, da wa yake yi?" Amma ko tebur ya cika, akan ga ya tsaya da cokali a sama, ya karkata kai wajen ƙofar baya. Ya sa an cire mata sakata, ya ce a bar ta a buɗe lokacin cin abinci.

Bayan rasuwarsa mahaifiyarmu ta sami takarda ɗaya a naɗe cikin gidan tabaraunsa. 'Yar ayar nan ce a liƙe a tsakiya, ta yi baƙi saboda taɓawa. Samanta da ƙasanta ya kwafe duk abin da almakashi ya cire, da rubutun hannunsa mai rawa, har takardar ta ƙare masa a tsakiyar jimla. Tana nan a gidanmu cikin shuɗin kofin, a kan teburin cin abinci.