Fuskar da ke Cikin Kambun Alhaji Inuwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Alhaji Inuwa, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa. Mutumin zangon arewacin Gana ne, ni kuwa Bazazzagi, amma zaman ƙasar waje a birnin Greensboro ya haɗa mu a sahu ɗaya har muka zama kamar 'yan ɗaki guda. A wani sito da ke bayan titin Wendover yake aiki, yana tuƙa motar ɗaga kaya. Idan ya tashi sai ya biyo ta gidana mu ɗan taɓa karatun fiƙihu kafin magariba. Ba ya jin kunyar tambaya, kuma ba ya tambayar abin da bai shirya aiki da amsarsa ba.

Akwai wani kambu a damtsensa na hagu, fatar ta yi baƙi saboda gumi da tsufa. Na kakansa ne, wani falken goro da ya san hanyoyin dajin ƙasar a zamanin da Jamusawa ke mulkin wancan yanki. Al'adar gidansu ita ce a ɗaura wa ɗan fari namiji, kuma ba a buɗewa. Wata rana da la'asar ya tambaye ni hukuncinsa. Na gaya masa abin da na karanta a gaban malamaina: an yi saɓani a kan rataya rubutun da aka san abin da ya ƙunsa, amma abin da ba a san cikinsa ba, bai halatta mumini ya jingina zuciyarsa gare shi ba. Sai ya ce in ba shi reza.

Ba mu sami takarda ba, ba mu sami aya ba. Wani ƙarfe ne zagayayye, ruwan ɗorawa, aka naɗe da tsumma. A fuska ɗaya akwai siffar wani tsohon Bature mai saje da gashin baki, sanye da kwalkwali mai tsini. A ɗaya fuskar rubutu ne da ba mu iya karantawa ba. Alhaji Inuwa ya jujjuya shi a tafin hannunsa ya ce, “Malam, ashe shekara hamsin ina salla da Bature a hammata?” Ya yi dariya.

Bayan kwana biyu muka kai shi shagon wani dattijo mai cinikin tsofaffin sulalla. Mutumin ya ɗora shi a kan ƙyalle, ya duba da gilashin ƙara girma, ya auna nauyinsa, ya karanta rubutun. Ya ce minda ce, wato lambar yabo ta tunawa, wadda aka buga don cikar shekara ɗari da haihuwar wani sarkin Jamus, kuma da tagullar igogin da Jamusawa suka ƙwace a yaƙi aka ƙera ta. An buga irinta da yawa ƙwarai, don haka ba ta da wani kuɗin kirki, balle wannan da gumi ya cinye gefenta. Alhaji Inuwa bai damu da kuɗin ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne bayanin da dattijon ya ƙara, cewa sojojinsu da hafsoshinsu aka raba wa ita, kuma da wuya a ce gwamnati ce ta ba wa baƙin fatake. Lalle wani hafsa ne ya cire tasa ya miƙa wa kakan da hannunsa.

A mota, muna tsaye a danja, ya ce da ni, “Soja ba ya ba da mindarsa saboda goro. Wace hanya kakana ya nuna masa, kuma su wa ke ƙarshen hanyar?” Ni ba ni da ilimin haka, kuma zato a kan matacce ba abin wasa ba ne. Tun daga ranar bai sake ɗaura ta ba. Bai kuma iya jefarwa ba. Ya ajiye ta a aljihun tebur, ya shiga yi wa kakansa istigfari da suna bayan kowace salla, yana haɗawa da mutanen da bai san sunayensu ba.

Shekara ba ta zagayo ba ciwon hanta ya kwantar da shi. Ni na san ajali rubutacce ne tun kafin a narka igwa ko a jeme fata. Amma dangi ba su ga haka ba. Daga Gana aka riƙa bugo wa maiɗakinsa, Hajiya Asabe, waya ana cewa an buɗe abin da ba a buɗewa. Har a zaman makoki na ji ana rage murya idan na shigo. Ban yi jayayya da kowa ba, domin gidan rasuwa ba zauren muhawara ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, a watan jiya an haifa wa Bashir, babban ɗan marigayi, ɗa namiji, aka mayar masa da sunan kakansa. Bashir yaro ne mai ladabi, a nan ya girma, ya yi karatun lissafi, ba ya rabuwa da jam'i. Kafin ranar suna ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba Malam, ni ban yarda ƙarfen nan na Baba na yin komai ba. Amma Mama ba ta barci, so take a ɗaura wa jaririn, kuma kin ga, ka ga, yaron ya zo da ɗan ƙaramin jiki.” Harshensa ya sarƙe, kamar yadda Hausar yaran nan kan yi idan sun tsorata. Na tuna masa abin da mahaifinsa ya gani da idonsa. Ya ce to, ya tashi.

Ranar suna aka miƙo mini jinjirin in yi masa addu'a. Da na tallabe shi, sai yatsana ya taɓa wani abu mai tauri, zagayayye, a ƙarƙashin rigarsa. Sabuwar fata ce, ɗinkin bai ko saki ba. Na ɗaga kai, Hajiya Asabe ta sunkuyar da nata. Na yi addu'ar har ƙarshe, jama'a suka shafa.

Ina tambayar kaina abin da Alhaji Inuwa zai ce da ya ga wannan. Ba zai yi faɗa ba, don bai iya ba. Ina jin zai nemi reza ne kawai. Abin da ya bari mai daraja shi ne wannan hali, na mutumin da ya gwammace ya san gaskiya mai ɗaci a kan zuriyarsa da ya kwana cikin kariyar da bai san asalinta ba. Sai dai hali yana rayuwa ne idan an sami mai ɗaukarsa, tagulla kuwa ba ta buƙatar kowa. Na haura saba'in, dattijon mai shagon ya rufe ya bar gari, kuma Bashir ba ya son a ta da zancen. Nan da shekara goma yaron zai tambayi abin da ke damtsensa, za a ce masa laya ce ta kakanni, ba a buɗewa. Ina tsoron haka aka faɗa wa mahaifin Inuwa.

Allah Ya gafarta wa Alhaji Inuwa da kakansa, Ya raya takwaransa, Ya ba shi zuciyar tambaya.